Takalman da Muka Sayo a Mai'adua

Shekarun baya, lokacin da na fara riƙe babbar waya, na zama irin mutanen nan da in ka yi musu sallama sai sun ƙarasa karanta layi kafin su amsa. A ofis nake aiki, muna tashi da wuri, don haka daga La'asar zuwa Magariba ina kan dakalin ƙofar gidana, kai a sunkuye, ina musun ƙwallo da mutanen da ban taɓa gani ba. Ni da rabona da buga ƙwallo tun ina sakandare, ni ne mai koya wa manyan koci-koci yadda ake jera 'yan wasa. Tumbina kuwa yana ta yin gaba abinsa.

Ina da aboki tun na ƙuruciya, hedimasta ne a wata firamare a nan Daura. Mutum ne mai kunya da kamun kai, rabin samarin unguwarmu ta hannunsa suka bi. Wata rana ya dawo daga asibiti ya same ni, ya ce an auna shi, suga ya hau, jini ma ya hau. An ba shi magani, amma likita ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya riƙa tafiya a ƙasa kullum har ya yi gumi.

Na ce, "To ai da sauƙi, Malam. Ƙafa dai taka ce, titi kuma na gwamnati."

Ya ce, "Kai ma ka san garin nan. Ni kaɗai ba zan iya ba. In mu biyu ne, za a ce hira muke yi."

Wanda bai zauna a irin garuruwanmu ba ba zai gane wannan maganar ba. A nan, magidanci mai mashin ba ya tafiya a ƙasa haka kawai. In an gan ka, to ko dai mashin ya lalace, ko ka sayar da shi, ko wani abu ya taɓa ka. Kuma mutanenmu ba sa iya wuce babba yana takawa, sai sun tsaya sun ce ya hau.

Na amsa masa da baki har kunne. Ranar kasuwar Mai'adua muka je ya sayo mana kambas, ƙafa biyu iri ɗaya, nasa da nawa. Muka tsara cewa kullum bayan La'asar za mu bi hanyar Zango, mu wuce gidajen ƙarshe, mu juyo kafin a kira Magariba.

Sati na farko na ji daɗin abin fiye da yadda na zata. Damina ce, gero ya fara fitar da kai, iska tana kaɗawa. Muka riƙa tuna langa da tseren da muke yi a filin makaranta, da ranar da ya kayar da ni a kokawa na ƙi yi masa magana kwana uku. Barci na ya gyaru. Shi ma ya ce nauyin da yake ji a ƙeyarsa ya ragu.

A sati na biyu na fara latti. Sai ya iso da kambas ɗinsa a ɗaure, ya same ni a kan dakali, in ce, "Minti biyar, Malam, bari in ba wani ɗan rainin hankali amsa." Akwai ranar da ya zauna kusa da ni yana jira, yana ta jan carbi. Ban ɗago kaina ba sai da na ji ladan. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Allah ya kai mu gobe." Goben ma haka aka yi. Daga nan sai ya daina biyo mini, ni kuma, in faɗi gaskiya, har sauƙi na ji.

Ashe ya gwada fita shi kaɗai. Bayan kwana biyu ya ba ni labari a ƙofar masallaci. Ya ce kafin ya fita daga gari masu mashin huɗu ne suka tsaya. Uku ya sallame su da godiya. Na huɗun tsohon ɗalibinsa ne, ya kashe mashin ya sauko ya durƙusa a gefen titi ya ce, "Malam, wallahi ba zan wuce ka kana tafiya a ƙasa ba. In wani abu ne ya faru da mashin ɗin, ka riƙe nawa." Ya yi masa bayanin likita, yaron ya ƙi yarda, gani yake Malam rufin asiri yake yi. Mutane suka fara taruwa. Don kunya ya hau, aka dawo da shi har ƙofar gida, ko gumi bai yi ba.

Ina jin haka na fashe da dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya ɗan murmusa, sannan ya ce, "Ka dawo mana, mutumina. Da kai babu wanda yake tsayawa." Na ce in sha Allahu daga Asabar.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Ina komawa dakali na rubuta labarin a shafin nan nawa, na ƙara masa gishiri, na ce wani hedimasta ya fita motsa jiki an dawo da shi gida kamar buhun gero. Ban ambaci suna ba, amma hedimasta nawa ne abokaina a Daura? Rubutun ya karɓu yadda ban taɓa gani ba. Wataƙila wasu daga cikinku ma sun yi dariya a ƙarƙashinsa. Washegari malaman makarantarsa suka riƙa tambayarsa ko yau ma a turo mashin. Surukinsa ya aiko daga Mashi a ji ko lafiya, don an ce an ga Malam yana yawo a bayan gari.

Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini. Cewa kawai ya yi, "Na ga rubutunka. Ka iya ba da labari." Bai sake fita ba, bai kuma sake roƙona ba. Asabar ɗin da na yi alkawari ta zo ta wuce ina kan dakali.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ya faɗi a ofishinsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ya yi wata biyar a kwance. A lokacin ne na samu lokacin da a da ba ni da shi. Kullum bayan La'asar ina gidansa, in tallabe shi mu taka daga ɗaki zuwa zaure, taku goma sha wani abu, yana jan ƙafa yana haki. Wata rana muka kai bakin zaure ya leƙa titi, ya faɗi wata magana da ban gane ba sai da ya maimaita. Cewa yake, "Yanzu ba mai tsayawa." Na juya kaina don kada ya ga idona.

Ya rasu da bazara. Bayan addu'ar bakwai mai ɗakinsa ta aiko mini da leda daga bayan labule, ta ce, "Malam ya ce in an yi rabo a ba ka wannan, ƙafarku ɗaya." Kambas ɗin ne. Na juya ƙasansu, zanen robar yana nan raɗau kamar ranar da muka sayo.

Na san ajali ba a hannuna yake ba, kuma babu likitan da ya ce da mun ci gaba da tafiya da bai faɗi ba. Mutane sun sha gaya mini haka, na kuma yarda. Amma abin da ya roƙe ni ba rai ba ne, awa ɗaya ce a yini, kuma ina da ita. Na ba da ita ga mutanen da ko sunayensu na gaskiya ban sani ba, sannan na mayar da shi abin dariya a gabansu.

Wayar tana nan, da ita nake rubuta muku wannan, ban zama waliyyi ba. Sai dai da an sallame La'asar nake ajiye ta a kan firji in ɗaura takalmansa in kama hanyar Zango. Har yanzu masu mashin suna tsayawa su ce, "Baba, lafiya? Hau in kai ka." Nakan yi godiya in wuce, kuma kowane lokaci sai na ji kunyar nan da ya gaya mini, wadda na yi wa dariya.

Ƙasan takalman ya goge yanzu, har na kai an yi musu faci. Nawa kuma suna ƙarƙashin gado, sababbi. In akwai wanda likita ya ce ya riƙa takawa kuma yana jin kunyar fita shi kaɗai, ya same ni a ƙofar gida bayan La'asar. Ba zan ce masa minti biyar ba.