Gonar Baba Mai Layi

Duk wanda ya taɓa bi ta filin ƙwallon nan na bayan tashar mota da sassafe ya ga Baba Mai Layi, ko da bai san shi ne ba. Dattijo ne siriri, wandonsa kullum a naɗe zuwa gwiwa, hannayensa fari fat da farar ƙasa kamar mai kwaɓa fulawa. Shekara talatin da ɗaya yana aiki ɗaya: ya ba ciyawa ruwa, ya yanke ta, ya ja igiya, ya zana layi. 'Yan wasa sun zo sun wuce, masu horarwa an ɗauka an kora, ciyaman shida ya ga hawansu da saukarsu, shi yana nan da bokitinsa.

To, Baba yana da wata ɗabi'a da ta sa ake masa dariya. A gefen filin, dama da hagu, akwai allunan talla da aka jera kusa da layi. Bayan allunan kuma akwai wani siririn fili, faɗinsa mita biyu da ɗan ɗoriya, ba mai taka shi, ba mai ganinsa sai wanda ya leƙa. Wannan wuri Baba yake wa hidima kamar yadda yake wa tsakiyar fili. Ya ba shi ruwa, ya cire masa ƙaya, ya yanke shi daidai da sauran. 'Yan wasa suka sa masa suna Gonar Baba. In sun zo atisaye sai su tambaye shi yaushe ne girbi, ko a bana za a ba su zakka. Shi dai murmushi yake yi, ya ce su kula da ƙafafunsu, shi zai kula da gonarsa.

Abin da babu wanda ya ƙara tunawa shi ne, wannan wuri ainihin fili ne. Shekara goma sha bakwai da suka wuce an yi wani koci mai 'yan baya masu nauyin jiki, waɗanda in ɗan gefe ya zura da gudu sai dai su bi shi da addu'a. Sai kocin ya yi dabara: a rage faɗin fili, mita biyu ta nan, mita biyu ta can, masu gudu su rasa wurin gudu. Dokar wancan lokaci ba ta hana ba. Baba ya ce fili ba riga ba ce da za a rage wa hannu, aka ce masa aikinsa layi ne, ba shawara ba. Ya ja sabon layi yana ƙunƙuni, aka matso da allunan. Amma kafin nan sai da ya kafa turakun ƙarfe huɗu a kusurwoyin asali, ya buga su can cikin ƙasa, ya rufe. Ba a yi shekara ba aka sallami kocin. Layin ya zauna, kowa ya saba.

Maiɗakinsa ta sha yi masa tsiya a kan wannan. Takan ce shukar da ke tsakar gidansu ta mutu da ƙishi, mai gidan yana can yana shayar da ciyawar da ko akuya ba ta san da ita ba. Shi kuma yakan ce mata aron wurin aka yi, kuma kayan aro ba a mayar da shi a mace.

Ana nan, sai hukumar gasa ta sayar wa wani kamfanin talabijin izinin nuna wasanni na shekara biyar, aka sake tsarin gasar gaba ɗaya. Aka raba ƙungiyoyi gida biyu. Goma sha shida a rukunin farko, su ake nunawa duk mako. Sauran a rukuni na biyu, ba mai ganinsu sai wanda ya taka da ƙafarsa. Ƙarshen kowace kaka uku su faɗo, uku su hau. A shekara ta biyu ƙungiyar su Baba ta hau, karo na farko a tarihinta. Gari ya ɗauki murna, har mai shayin bakin ƙofa ya yi wa teburinsa fenti da launin ƙungiya.

Amma akwai sharaɗi. Kamfanin ba ya kafa kyamara a filin da bai cika awo ba. Ƙungiyar da filinta ya faɗi, wasanninta na gida a babban filin birni za a buga su, tafiyar awa huɗu. Baba ya fahimci abin da hakan ke nufi tun kafin a gama yi masa bayani: za a hau, amma filinsa ba zai hau ba. Ƙofa za a rufe, ciyawar ta zama wurin atisaye, shekara talatin da ɗaya su ƙare ba tare da an buga wasan rukunin farko ko ɗaya a kan layinsa ba.

Saura kwana tara a fara gasa jami'ar kamfanin ta iso, wata mata mai tabarau da ba ta da yawan magana, riƙe da na'urar awo da takarda. Ta duba fitilu, ta ce sun yi. Ta duba ɗakin canza kaya da inda za a ɗora kyamara, ta sa hannu. Ta auna tsawo, daidai. Da ta auna faɗi sai ta tsaya, ta sake aunawa. Mita sittin da huɗu. Yarjejeniya ta ce sittin da takwas.

Ciyaman, wanda shekararsa biyu kacal a kujera, gumi ya karyo masa. Ya ce za a shuka sabuwar ciyawa yau ɗin nan. Matar ta ce masa ciyawa ba ta jin umarni, wata uku take so kafin ta kama ƙasa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ce ta ga filaye da yawa, bayan alluna kullum tsakuwa ce da kwalaben roba. Ta buɗe alƙalaminta.

Baba yana tsaye can gefe da bokiti. Ya matso ya yi sallama, ciyaman ya ɗaga masa hannu, wai ya dakata, manya na magana. Ya dakata ɗin, na ɗan lokaci. Da ya ga alƙalami ya kusa takarda sai ya ajiye bokitin.

"Ranki ya daɗe, filin ya cika. Layin ne bai cika ba."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Baba, ban gane ba."

"Ni na rage shi da hannuna. In za ki ba ni aron minti goma, in mayar miki."

Ciyaman ya fara ba ta haƙuri, wai tsufa ne, amma matar ta riga ta rufe alƙalami. Baba ya tafi kusurwar gabas, ya kira 'yan wasa biyu suka ɗage allo ɗaya. Ciyawa ta bayyana, kore shar, a yanke, tsayinta ɗaya da na cikin fili. Ya taka taku biyu da rabi daga tutar kusurwa, ya durƙusa, ya soka wuƙar aikinsa. Ƙarfe ya amsa. Haka na biyu, haka na uku.

Na huɗu ne ya so ya kunyata shi. Ya soka nan shiru, ya soka can shiru. Gwiwoyinsa suka jiƙe, ya ji idanun mutane a ƙeyarsa, wani ma ya fara cewa ai ukun ma an gode. Sai ya tuna ba ido ya kafa turken ba, igiya ce. Ya ɗauko tsohuwar igiyarsa mai ƙulli-ƙulli, ya ɗaura a turke na uku, ya ja ta har ƙullin ƙarshe, ya soka wuƙa a ƙarƙashin yatsansa. Ƙarfen ya yi ƙara har sai da mai tsaron ragar ƙungiyar ya yi tsalle.

Matar ta ɗora na'urarta daga turke zuwa turke. Sittin da takwas, ba ragi ba ƙari. Ta cire takalminta, ta bi gonar tun daga wannan kusurwa har waccan, tana danna ƙasa da diddige, tana jan ciyawar ta ga ko za ta tumɓuke. Ta dawo ta tambayi wa ya ba da umarnin kula da wurin duk shekarun nan. Kyaftin ne ya ce babu, su ma dariya suke masa. Ta sa hannu, ta ce a mayar da alluna baya, a goge tsohon layi, sannan ta miƙa wa Baba takardar kafin ciyaman.

Ranar wasan farko manyan motocin kamfani suka cika bayan tasha, wayoyi ko'ina kamar saƙar gizo. Maiɗakin Baba ta tara maƙwabta a falo, ta ce a zo a ga abin da ya kashe mata shuka. Ana saura minti goma sha biyu a tashi, babu ci, ɗan gefensu ya karɓi ƙwallo ya zura ta kan layi, daidai inda alluna suka yi shekara goma sha bakwai, ya bar ɗan baya a tsaye, ya kwaso ta gaban raga, aka sa mata kai ta shige. Filin ya ɗauka da sowa. Sau huɗu talabijin ta maimaita gudun nan, sau huɗu matar Baba tana nuna wa maƙwabta ƙasan allon talabijin ɗin tana cewa ba yaron za su duba ba, ciyawar za su duba.

Da aka tashi 'yan wasa suka zo za su ɗaga Baba sama, ya ce su sauke shi kafin su karya masa ƙugu. Idonsa yana can gefe, inda takalmin ɗan gefen ya ɓantare ciyawa wajen juyawa, rami kamar tafin hannu. Ya kira yaron ya nuna masa.

"Ga girbin da kuke tambaya, kun yi. Amma wa ya ce ka tafi da ƙasar?"

Ya durƙusa ya mayar da ɓantaren wurinsa, ya danna da tafinsa, ya yayyafa masa ruwa. Wasan gida na gaba saura mako biyu.