Ranar da Aka Nuna Gidan Lorraine

Duk wanda ya taɓa zama a gidan tsofaffin nan na kan tudu a Pittsburgh ya san kujerar Lorraine Havrilak. Ita ce ta tsakiya a babban falo, daidai saitin talabijin, kuma ranar Alhamis da ƙarfe biyu na rana ko limamin coci ne ya zo ziyara ba zai zauna a kanta ba. Lokacin ne ake sa shirin nan na Tanner da matarsa Brielle, masu sayen tsofaffin gidaje su farfasa, su gyara, su sayar su ci riba.

Ita Lorraine ba kallo ke kawo ta ba, sharhi ne. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana zuba wa yara abinci a makarantar firamare, can ta koyi magana da muryar da ke ratsa kowace irin hayaniya, kuma ritaya ba ta rage mata komai ba. Da an buɗe ƙofar tsohon gida an fara nuna cikinsa, sai ta gyara zama.

"Kai jama'a! Wannan labule ne ko zanen gadon asibiti? Ku dubi kafet don Allah, kamar miya ta zube an bar ta ta bushe. Matar gidan nan idonta ƙalau kuwa?"

Sai falo ya ɗauki dariya. Marcella Petruska, ƙawarta kuma abokiyar faɗanta, wadda rimot ba ya barin hannunta, takan girgiza kai ta ce, "Ke Lorraine, bakin nan naki sai ya kai ki wuta."

"In na je na tarar irin wannan fentin suka yi, su ma sai na gaya musu."

Tana da dalilin ɗaga hanci, a ganinta. Ita ma ta yi gida, na jan bulo mai bene, a wani layi mai gangare da in ƙanƙara ta sauka sai dai ka bar mota a ƙasa ka hau da ƙafa. Shekarar da suka yi aure da Casimir suka shige shi, a ciki suka raini yara uku. Casimir ya yi aiki a masana'antar ƙarfe har aka rufe ta, sannan ya koma tuƙin bas. Bayan rasuwarsa gwiwoyinta suka ƙi matakala, 'ya'ya suka matsa, ta sayar wa wani kamfani da ko sunansa ba ta riƙe ba. Gidan ya tafi, labarinsa bai tafi ba. Babu wanda bai ji zancen banɗakinta mai ruwan hoda ba, wanda Casimir ya lilliƙa tayil ɗinsa ɗaya bayan ɗaya a hutun bazara guda, ko kicin ɗin da ta ce za ka iya cin abinci a ƙasansa. Marcella har ta iya ƙarasa mata jimla.

Wata Litinin 'yarta Denise ta bugo waya.

"Mama, na ga tallan shirin naku na wannan makon. Gidanmu ne. Na gane ƙofar."

Lorraine ta dafe ƙirji. "Gidana? A talabijin?"

"Mama, tsaya. Kin dai san abin da suke yi wa gida a farkon shirin ko?"

"Ke rabu da ni. Waɗancan gidajen ƙazamai ne. Nawa kuwa, sai dai su shiga su koyi zaman duniya."

Kafin azahar ta cika duk hawa huɗun gidan tsofaffin da labari. Ta je aka gyara mata gashi. Ta yini biyu tana murza ƙullu tana naɗe pierogi, 'yan curin fulawa da ake cusa wa dankali da cuku, faranti uku manya, albasa na yi mata hawaye tana waƙa. Ranar Alhamis falon nan ya cika maƙil, har waɗanda ba sa fitowa sai an yi ƙararrawar gobara sun sauko da sandunansu. Lorraine na tsakiya, baki har kunne. Yau dai kowa zai gani da idonsa cewa ba cika baki take yi ba.

Aka nuna layin, aka nuna ƙofar. "Ga shi nan!" in ji ta, har da tafi.

Brielle ta tura ƙofa, ta shiga, ta toshe hanci da yatsu biyu. "Wai! Gidan nan warin kakanni yake."

Wani a kujerun baya ya fara dariya ya haɗiye ta.

"Warin sabulu ne, 'yar nan," in ji Lorraine da ƙarfi. "Ba ki saba da shi ba ne."

Aka yi dariya, ta ji daɗi, ta ɗauka ta ci wannan zagayen. Amma su na cikin akwati ba sa jin raddi. Suka shiga kicin, Tanner ya sa farce ya ɗago gefen takardar bango mai zanen zakaru, ya yage ta tun daga sama har ƙasa, ya ce wanda ya zaɓi wannan yana da ƙarfin hali. Suka hau bene, Brielle ta buɗe banɗaki ta ƙwalla ƙara, ta rufe ido, wai kamar ta faɗa cikin kwalbar maganin ciwon ciki.

Marcella ta leƙo fuskarta. "Yau ba sharhi ne, uwar masu sharhi?"

Lorraine ta ƙura wa akwatin ido, tana jin idanun mutane a ƙeyarta.

Sai suka gangara ɗakin ƙasa. Ga shi nan a tsakiyar fili, kusa da injin wanki: masai na zama, fari, shi kaɗai, ba bango, ba ƙofa, ba labule, da kan shawa a rataye gefensa. Tanner ya riƙe ciki don dariya. Ya je ya zauna a kai da wandonsa, ya yi kamar yana karanta jarida, yana ɗaga wa matarsa hannu. Aka sa wani kiɗa na shaƙiyanci. "Don Allah," in ji shi, "wane irin mutum ne zai yi wannan?"

A nan kam babu wanda ya yi dariya a falon. Fiye da rabin mutanen da ke zaune sun tashi a gida mai irinsa, ko sun auri mai irinsa. Namiji ya taso daga masana'anta baƙi ƙirin har cikin ido, ba ya bi ta ƙofar gaba. Ta ƙofar ƙasa yake shiga, ya tuɓe, ya yi wanka, ya yi uzurinsa, sannan ya hau wurin iyali tsaf. Tanner ya ɗauko guduma.

Daga nan abin ya tafi da sauri, kamar kullum. Bango ya faɗi, ƙura ta tashi, aka kawo fenti mai ruwan toka. Kicin da falo suka zama ɗaki ɗaya. Da aka nuna gidan a ƙarshe, ya yi kyau, kuma kyan nan ne ya fi yi mata ciwo. Ta yi ta neman inda teburin cin abincinsu yake a da, ta kasa ganewa.

Shiri ya ƙare. Kowa ya sunkuya kan farantinsa kamar bai taɓa ganin pierogi ba. Lorraine ta ji kunya irin wadda rabonta da ita tun tana yarinya, ta ji haushi, kuma a ƙarƙashinsu ta ji kewar Casimir ta taso mata.

"Marcella, mayar da shi baya."

"Haba ƙawata, ki bar shi haka. Yaran banza ne, me suka sani?"

"Na ce ki mayar. Tun daga farko. Kuma ki kashe muryar."

Marcella ta dube ta, ta danna. Brielle ta sake tura ƙofa, bakinta na motsi ba sauti kamar kifi a ruwa.

"Tsaya nan," in ji Lorraine. "Kun ga ƙugiyar can bayan ƙofa? Ta rigunan makaranta ce. Uku ne da, Denise ta yi lilo da biyu ta karya su. Ci gaba."

A kicin ta ce ita ta zaɓi zakarun da kanta, tana da cikin fari, kuma har gobe tana son su, wanda bai so ba ya rufe idonsa. A banɗaki ta sa aka tsaya, ta tashi da ƙyar ta je ta nuna da yatsa: layi na uku daga ƙasa, tayil ɗaya ya ɗan karkace. "Casimir ya ce zai gyara ranar Asabar. Shekara arba'in ina jiran Asabar ɗin nan." Aka yi dariya, wannan karon ta daɗi.

Da aka iso ɗakin ƙasa, Marcella ba ta jira umarni ba. Ta tsayar da hoton kafin Tanner ya shigo ciki. Masai ne kawai, da kan shawa, da hasken ƙaramar taga.

"Shekara goma sha tara yana dawowa daga masana'anta," in ji Lorraine, muryarta ta sauka yadda ba wanda ya taɓa ji, "ko sau ɗaya bai taɓa taka min kicin da baƙin takalmi ba. Ina sama sai in ji ruwa ya fara zuba a ƙasa. In na ji, na san ya dawo da ransa, sai in fara zuba abinci."

Wata tsohuwa a layin baya ta fyace hanci. Marcella ta ɗaga rimot.

"In ci gaba?"

"A'a," in ji Lorraine, ta koma ta zauna. "Bar shi haka tukuna."