Tumatirin Mai Agogo

Da za ka tambayi mutanen layin nan shekarun baya wace ce Sista, ba wanda zai haɗa ta da ƙasa, balle taki. Mace ce 'yar gajeriya mai faɗin kafaɗa da babbar murya, kuma duk ƙuruciyarta a asibiti ta ƙare, a ɗakin jariran da suka zo duniya kafin lokacinsu, bakwaini da waɗanda ko bakwain ɗin ba su kai ba. Ɗaki ne mai ɗumi, akwatunan gilashi a jere, kowanne da ɗan mutum a ciki da bai cika tafin hannu biyu ba. A nan ta yi suna da faɗa. Ta yi da likitoci, ta yi da masu shara, ta yi da iyaye mazan da ke tsayawa bakin ƙofa suna cewa a bar wa Allah. "Ai Allahn ne ya ajiye ni a nan," haka take ce musu, ta ja labule. Jaririn da kowa ya cire rai da shi, shi take jawo wa kujera ta zauna, tana ɗiga masa nono da sirinji har bayanta ya ƙage. Wasu sun rayu, wasu ba su rayu ba, amma ba a taɓa jin ta ce wannan ba zai yi ba.

Shuka kuwa aikin mijinta ne. Mai Agogo ake ce masa, yana da ɗan teburi mai gilashi a gindin wani bene kusa da tashar mota, inda yake wuni da madubi maƙale a ido ɗaya yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki. Mutum ne mara magana. In Sista ta zuba ta zuba, shi ya yi murmushi, an biya ta ke nan. In ya dawo da yamma sai ya zagaya bayan gida, wani ɗan lungu tsakanin katanga da tankin ruwa, inda ya jera tsofaffin bahuna da bokitai masu huji. Alayyafo, latas, tattasai, duk yana taɓawa, amma abin alfaharinsa tumatir ne. Ba irin na kasuwa mai santsi ba. Nasa mummuna ne, ƙarami, mai tsaga-tsaga kamar an ɗaɗɗaure shi da zare, sai dai in aka yanka shi a kicin, ana jin ƙamshin daga falo. Tun yana saurayi ya samo irin a hannun wani tsoho da ya kawo masa gyara, kuma bai ƙara sayen iri ba. Kowace shekara sai ya zaɓi wanda ya fi nuna, ya matse 'ya'yan, ya wanke, ya shanya a inuwa, ya zuba a kwalbar magani da ɗan toka. Sista na kallonsa tana tsokana, wai da tumatir na magana da tuni ya fi ta sanin cikin mijinta.

Shekarar da ta yi ritaya, a shekarar ya rasu. Zazzaɓi na 'yan kwanaki, shi ke nan. Aka rabar da kayansa, bahunan bayan gida suka bushe, don ko leƙa lungun ba ta iya yi. Sai da aka daɗe, wata rana tana share saman kabad, ta ci karo da kwalbar. Irin da ke ciki bai kai rabi ba. Ta zauna a bakin gado da ita a hannu, ta ji wani tsoro da ba ta san shi ba. In wannan ya ƙare, to ya ƙare ke nan, don babu kasuwar da za ta shiga ta ce a ba ta tumatirin Mai Agogo.

Ta raba irin biyu, ta shuka kashi ɗaya. Ba ta san kan abin ba, amma tsabta da kiyaye lokaci ba wanda zai koya mata. Ta tankaɗe ƙasa da rariyar gari, ta gauraya da taki, ta watsa iri a baho, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ta ga yana yi. Da suka fito, kai, abin sha'awa, kore shar, cunkus, ba masaka tsinke. Don murna ta aika a kira mata ƙaninta. Auta ake ce masa har yau, ko da yake gemunsa ya yi fari fat, kuma shi ne masanin komai na danginsu, tunda ya taɓa zama a shagon sayar da kayan gona.

"Yaya, sun yi yawa," ya ce, ya duƙa. "Sai kin rage. Ki tsige ƙananan nan ki zubar, masu ƙarfi su samu wuri."

"In zubar?"

"Haka ake yi. Shi ma marigayi haka yake yi."

"To ni ba a gabana ya yi ba. Ɗauke hannunka, Auta."

Ka ji taurin kai! Amma me za ka ce wa matar da ta yi rayuwarta tana tsaye a kan wanda ya fi rauni? Ta bar su duka. Suka taso a matse, dogaye sirara, kowanne na miƙa wuya neman rana, suka yi rawaya, suka kwanta a kan juna, suka ruɓe daga gindi. Ko fure ɗaya ba a gani ba. Auta bai ce ai na faɗa miki ba, don yana son ransa, amma ya yi wani ɗan tari da ya fi maganar zafi.

Saura ɗan abin da ke gindin kwalba, kuma iri tsufa yake yi, ba ya jiran mutum ya gama fushi. Sista ta zauna ta yi tunani, ta yarda Auta ya yi gaskiya a rabi: wuri suke nema. Zubarwar ce ba za ta yi ba. A asibiti in gado ya yi kaɗan, gadon ake nemowa. Nan ta shiga tara gwangwanayen madara, kofunan roba, galan da aka yanke, har da tsohuwar butar shayi, tana huda gindinsu da ƙusa. Ta juye sauran irin gaba ɗaya, ta shuka. Da tsiron ya yi ganyen gaske, sai ta jawo 'yar kujera ta zauna da cokalin shayi, tana ɗago su ɗaya bayan ɗaya da ƙasarsu, ta kama ta ganye don kada ta murje kara, ta dasa kowanne a nasa mazubin. Ban-ruwa da sirinji take yi, a gindi, kaɗan-kaɗan. Ta kafa musu tsohon gidan sauro don rana. Akwai wani da karansa ya tsage wajen dashe, ya lanƙwashe kai. Ta ɗaura masa tsinken ashana da filasta, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Manyan ta mayar da su bahunan marigayi. Sauran kuwa lungun ba zai ɗauke su ba, don haka ta jera su a faranti ta bi layi tana rabawa: tela, mai kanti, matar da ke haya a saman bene, har bakaniken da ke ƙarshen layi, tsallaken titi, wanda ta ba mai filastar don shi ne ya rage a farantin. Suka karɓa suna godiya, ba su san abin da suka jawo wa kansu ba. Kullum da safe sai ga Sista ta fito zagaye, hannu a baya, tana cusa yatsa a ƙasar gwangwani.

"Wa ya ce ka ajiye shi a tsakiyar rana? Kai a nan kake wuni?"

"Wannan ruwan wanki ne, kada ki yi min musu, ina jin warin sabulu."

Tela ya rantse rabonsa da shan faɗa irin wannan tun yana firamare. Mai kanti kuwa in ya hango ta sai ya yi wuf ya watsa wa nasa ruwa, ya tsaya yana murmushi kamar mutumin kirki.

Nata na bayan gida suka yi kyau, wallahi suka yi kyau. Suka kai ƙugu, ta kafa musu sanduna, suka yi fure rawaya, suka fara ɗaura 'ya'ya kore masu tsaga-tsagar nan da ta sani. Ranar da ta fara ganinsu sai da ta riƙe ƙugu ta yi dariya ita kaɗai. Duk baƙon da ya shigo gidan, ko mai karanta mita ne, ba zai fita ba sai an kai shi lungu ya yaba.

Ana cikin haka ranar aikin idonta ta zo. Yanar ido ce ta rufe mata ido ɗaya, ta fara taɓa ɗayan, kuma an daɗe da ba ta ranar, a wani asibiti mai nisa, kusa da gidan 'yarta, inda za ta zauna har ta warke. Ta ba Auta makulli. "Ruwa kawai," ta ce. "Safe da yamma, a gindi. Ban ce ka yi musu komai ba bayan wannan."

Auta ba mugu ba ne, son a yaba masa ne ya yi masa yawa. Ya ga 'ya'yan ƙanana ne, ya ce bari ya ba yayarsa mamaki, ta dawo ta tarar da tumatir kamar kan yaro. Ya sayo takin zamani, ya dinga damƙa yana zubawa a gindin kowanne, a bushe, yana taɓa kara. Cikin 'yan kwanaki ganye ya ƙone daga baki, kara ya yi baƙi, 'ya'yan suka zube tun suna ɗanye. Ya yi ta kwarara ruwa, ina, aikin gama ya gama. Ya kasa faɗa mata a waya.

Ta dawo bayan sama da wata guda, da baƙin tabarau da ido garau, kuma abin da ta fara gani sosai da sabon idon shi ne sanduna a tsaye da busassun kara. Auta na rakuɓe jikin tanki.

"Yaya, wallahi gyara na so yi."

Ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tsorata shi. Ta duƙa ta tsinci wani yamutsattsen tumatir a ƙasa, ta fasa da farce. 'Ya'yan ciki farare ne, ba su ƙosa ba. Ta shiga ɗaki ta girgiza kwalba, toka ce kawai. Nan ta zauna ta yi kuka sosai, kukan baƙin ciki, har Auta ma ya kama share ido da hularsa.

Da ta gaji ta wanke fuska, ta mayar da tabarau, ta fita layi. Tela ya sunkuyar da kai: kajin maƙwabta sun gama da nasa tun makon da ta tafi. Mai kanti ya ce nasa ya yi 'ya'ya kaɗan, sun cinye, wallahi akwai daɗi, da ya bushe ya tuge shi. Matar saman bene ta yi tafiya, ta dawo ta tarar da nata ya zama ƙirare. Haka ta bi gida-gida, kowa na ba ta haƙuri yana mamakin yadda fuskarta ta canza a kan ɗan tumatir.

Garejin bakanike ba don tana sa rai ta tsallaka ba, sai don ba ta saba barin zagaye a rabi ba. Me zai rayu a nan, tsakanin baƙin mai da ƙarafa? Ta zagaya tarin tayoyi, sai ga galan ɗin. Mai filasta ne, a karkace, ganye duk ƙura, ya naɗe jikin wata tsohuwar salansa da aka kafa masa a madadin sanda. Ba ko ɗa ɗaya a jikinsa. Ta ɗago kai. Bakanike na zaune a benci, ƙato mai furfura a gefen kai, burodi a cinya, wuƙa a dama, a hagu kuma jan tumatir mai tsaga-tsaga.

"Kai! Tsaya!"

Wuƙar ta faɗi. "Mama, lafiya? Sannu da dawowa, ya idon?"

"Saura nawa?"

"Shi ne na ƙarshe. Na bar shi ya nuna sosai, na ce in kin dawo ki gani, to na ga kin daɗe, yana neman ruɓewa." Ya yi dariya. "Kullum sai na ba shi ruwa kafin in wanke hannu. Tsoronki ne ya raya shi, Mama."

Ta sa ya kawo ruwa mai kyau, ta wanke wuƙar da kanta, ta yanka tumatirin a tsakiya. 'Ya'yan na nan cike, rawaya, ƙosassu. Ta shimfiɗa hankici a benci ta matse su tas, ta bi da bakin wuƙa ta kwaso waɗanda suka maƙale, sannan ta miƙa masa tsokar.

"Ci. Haƙƙinka ne."

Ya karɓa yana kallonta. "Mama, duk wannan a kan tumatir ɗaya?"

"Ɗan nan, agogunan da mijina ya gyara duk na mutane ne, kowa ya zo ya karɓi nasa. Wannan ne kaɗai nasa na kansa." Ta ɗago hankicin a buɗe bisa tafukanta biyu, ta dube shi da kyau, muryarta ta dawo daidai. "Kuma ka ga wanda ya fitar da mu kunya? Irin wanda aka ce in zubar."

Bakanike ya miƙe. Ya ajiye burodin, ya goge hannu a wando, ya wuce gabanta ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga hannu. Motoci suka tsaya suna ta hon, bai sauke hannun ba sai da ta tsallaka.