Rami Biyu a Motar Perin

Duk wanda ya taɓa kai tsohuwar mota garejin Hasham Parkar, a lungun da ke bayan unguwar 'yan ƙabilar Parsi ta Dadar a birnin Bombay, ya san ba gyara kaɗai zai samu ba, har da faɗa kyauta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gemunsa ya sha lalle, kuma doka ɗaya ya riƙe shekara arba'in da biyar: abin da kamfani ya sa a mota, a bar shi yadda yake. In noti ya lalace, a gyara shi. In ba ya gyaruwa, a ƙera irinsa sak. Huda jikin mota kuwa, gara ka ce masa ya huda kunnensa ya sa 'yan kunne.

Daga wani ƙauyen bakin teku a Ratnagiri ya zo Bombay yana da shekara goma sha takwas, da niyyar aikin jirgin ruwa kamar yayyensa. Kwana uku ya yi a kan ruwa yana amai, aka sauke shi, bai ƙara waiwayar teku ba. Daga nan ya faɗa hannun Kaitan Mistiri, wani tsohon bakanike mutumin Goa wanda ba ya yabon kowa. A wurinsa ya koyi sauraren inji da sanda a kunne, a wurinsa ya ɗauko dokar nan. Da Kaitan ya rasu, Hasham ya gaji bencin aikinsa, da laƙabin Mistiri, wato babban bakanike, da masu kawo masa mota. A cikin motocin akwai jar motar wani ɗan Parsi, Noshir Vakil.

Ƙaramar motar tsere ce ƙirar Ingila, ta 1959, kujera biyu, ba rufi sai tamfol. Fentinta ya koɗe ya koma kalar busasshen tattasai, fatar kujerun ta tsattsage, amma in ka ce a sake mata fenti Hasham zai dube ka kamar ka zagi mahaifinsa. Ita kaɗai ce irinta da ta taɓa shiga hannunsa, ya kuma san ta ciki da waje. In gardama ta tashi a shagon shayi sai ya buga tebur ya ce, "Ku je ku ga ta gidan Vakil. Yadda ta fito daga jirgi haka take, ko ƙusa ba a ƙara mata ba."

Noshir ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce, motar ta koma hannun matarsa Perin. A gaskiya ma tun yana raye ita ke tuƙawa, shi nasa riƙe hula. Perin tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, 'yar tsurut, mai harshe kamar reza. Kowace Lahadi da sassafe takan ɗaura ɗankwali, ta bi titin bakin teku har ƙarshensa, ta sha shayi da burodi mai man shanu, ta dawo kafin rana ta yi zafi. Mu mutanen lungun da ƙarar motarta muke sanin Lahadi ta yi.

Ana nan sai gwiwarta ta hagu ta ƙi. Kuloc ɗin motar nan ko saurayi ya taka sai ya ji a jikinsa, balle mace mai shekara saba'in da takwas. Wata Lahadi ta tsaya a danja, ƙafar ta kasa, mota ta mutu a tsakiyar titi, masu tasi suka yi ta danna mata oda. Sai da aka kira Hasham ya je ya tuƙo ta gida.

Bayan kwana biyu ta aika ya zo.

"Hasham, an ce akwai wata na'ura mai kamar tukunya da ke taya ƙafa taka kuloc. Tarlok Singh na sayar da ita. Sa min."

"Baiji," in ji shi, kiran girmamawar da mutanen lungu ke mata, "sai an huda mota. Rami biyu, a ƙarfen da ya raba inji da direba."

"To huda mana. Ciwo za ta ji?"

"Ni zan ji, Baiji."

"Ji wani tsoho! Ni da ciwon gwiwa, kai da raki."

Ɗan ɗan'uwanta Sarosh yana zaune yana jin su. Shi zai gaji motar, kowa ya sani, kuma ba mugun yaro ba ne, sai dai ya cika karance-karance a waya. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Fui," wato goggo, "ki yi haƙuri. Irin wannan motar, darajarta duk a kan cewa ba a taɓa ta ba ne. Waɗanda aka sake wa kaya sun cika duniya. Waɗanda ba a taɓa ba kuwa kullum raguwa suke, nan da shekara goma sai an yi layi a gan ta. Rami ɗaya ya isa masu saye su juya baya. Ina da wuri a Pune mai sanyi, ba ƙura, ba gishirin teku. In kin ga dama ni zan riƙa fita da ke a tawa motar."

"Ka ji, Hasham? Za a kai ta ɗakin sanyi kamar gawa, ni kuma a riƙa fita da ni shan iska kamar kare."

Hasham ya sunkuyar da kai. Maganar Sarosh tasa ce, shi ya shekara arba'in da biyar yana yin ta, amma ranar da ya ji ta daga bakin wani sai ta yi masa ɗaci.

Tarlok Singh, mai garejin da ke bakin lungun, sana'arsa ke nan: ya cire tsohon inji ya sa na batir, ya ƙara na'urar sanyaya mota, ya yi fenti mai ɗaukar ido. Kullum da hantsi suna shan shayi tare, kullum kuma sai sun yi sa-in-sa.

"Hasham ɗan'uwana, kai da yaron nan duk barci kuke," in ji Tarlok. "Nan da shekara goma wa zai bar mai hayaƙi ta shiga gari? 'Ya'yan masu kuɗin yanzu ko giya ba su iya sawa ba. So suke su danna maɓalli su tafi. Wadda aka gyara ita za ta yi tsada, taku sai dai a riƙa share mata ƙura."

"Kai kam in aka ba ka kakarka sai ka sa mata batir."

"Da ta samu da har yanzu tana yawo! Ka bar maganar shekara goma ma. Baiji shekara goma take da ita?"

Hasham ya bar shayinsa rabi ya tashi.

Damina ta shigo. Kowace Lahadi yakan je gidan Vakil ya tayar da motar don kada batir ya mutu, ya bar ta ta yi zafi, ya kashe. Da farko Perin takan fito baranda ta riƙa yi masa tsiya daga sama, wai yana taka totur kamar mai tsoron taka ƙwai. Lahadi ta biyar ta fito amma ba ta yi magana ba. Ta bakwai ba ta fito ba sam, mai aikinta ta ce tana kwance, ba ciwo, kwanciya kawai. Hasham ya tsaya a gindin barandar da tsumma a hannu, tsoro ya kama shi. Ya san tsofaffi, ya san yadda suke fara sallama da duniya tun suna cikinta, ya kuma san cewa wannan karon da hannunsa a ciki.

Duk da haka bai yarda ya huda ba. Taurin kai ba ya barin mutum a rana ɗaya. Ya roƙi Sarosh ya samo masa littafin kamfanin motar, mai zane-zanen kowane ƙarfe, ko zai ga inda zai maƙala tukunyar ba tare da rami ba. Bayan mako biyu littafin ya iso. Hasham ba ya karanta Turanci sosai, amma zane ba ya ɓace masa. Ya buɗe shafin matakai, na kuloc da birki da totur, ya duba, ya sake dubawa. A littafin ƙarafan a miƙe suke. A motar kuwa a lanƙwashe suke, sun fi tsawo da yatsa huɗu, kuma akwatin da ke riƙe su ba a inda zanen ya nuna yake ba.

Abin da ya fara zuwa masa shi ne Turawa sun yi kuskure a littafinsu. Har ya faɗa a fili. Sai ya kwanta a ƙasan sitiyari da tocila, ya kankare baƙin fentin matakin birki da farce. Walda ce a ƙasa, an goge ta sumul. Can sama kuma ga ramuka huɗu da aka toshe da roba, waɗanda ya sha gani yana ɗauka haka kamfani ya yi su. Ya tuna shekarar da matakin kuloc ya tsage, ya kwashe kwana huɗu yana ƙera sabo, yana bin lanƙwasar nan daki-daki don kada ya saɓa wa kamfani.

Ya hau bene da littafin, ko takalmi bai tsaya cirewa da kyau ba. Perin tana kishingiɗe, Sarosh na gefenta.

"Baiji, wa ya taɓa matakan motar nan?"

Ta ɗaga gira. "Matakai? Au, wannan! Ai tun satin bikinmu ne. Na zauna a kujera ƙafata ba ta kai ba, Noshir ya ce ba zai zauna da matar da ba ta iya tuƙa motarsa ba. Washegari ya kai ta aka matso min da su."

"Wurin wa?"

"Wurin wa kuwa? Ubangidanka Kaitan. Ina tsaye ya huda, yana waƙar cocinsu. Har ya auna ƙafata da igiya, Noshir na ta harararsa."

Sarosh ya karɓi littafin ya duba, ya dafe kai. "Fui! Shekara nawa ina gaya wa mutane ba a taɓa ta ba? Har rubutawa na yi!"

"Wa ya tambaye ni? Ku biyun kuna ta wa'azi, na ɗauka kun san abin da kuke faɗa."

Hasham ya nemi kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi a ɗakin nan ba sai an ce masa. Ya kamata ya ji kunya, ya kuwa ji ta, amma 'yar kaɗan. Abin da ya fi ji shi ne sauƙi, irin na wanda ya sauke buhun shinkafa bayan doguwar tafiya. Ashe Kaitan, mai marin mutum a kan noti ɗaya, ya san ranar da ake ajiye doka. Bai dai koya masa wannan ba, ko kuwa ya koya shi ne bai ji ba. Dariya ta kufce masa, ya yi ta yi har da hawaye, Perin na kallonsa tana cewa tsohon nan ya taɓu.

"To yanzu darajar tata fa?" in ji Sarosh, amma shi ma murmushi yake.

"Wallahi ban sani ba," in ji Hasham. "Wataƙila kai ke da gaskiya, wataƙila Tarlok. Ku da za ku ga shekara goman sai ku gaya mana."

"In na mutu ka toshe ramin da cingam ka sayar," in ji Perin. "Hasham, me kake jira? Shayi?"

Ran Talata ya je wurin Tarlok ya karɓo tukunyar, ya sha tsiya har ya gode Allah. Ran Laraba ya auna sau shida, ya yi alama da alli, ya yi bisimilla, ya huda. Minti biyu aikin ya ɗauka. Ya shafa wa bakin ramukan fenti don tsatsa, ya tsaya yana kallonsu. Ramuka ne kawai.

Lahadi ruwa ya ɗauke. Perin ta sauko da sandarta da ɗankwalinta, ta ƙi yarda kowa ya riƙe ta. Ta shiga, ta taka kuloc a hankali kamar mai gwada ruwan wanka, ya tafi ƙasa ba gardama. Ta saki, ta sake takawa.

"Shiga, Hasham. In ta mutu a hanya kai za ka tura."

Ya shiga. Suka biyo ta lungun da ƙarar da muka yi wata uku ba mu ji ba, mai shayi ya leƙo yana ɗaga hannu. A danjar farko jar wuta ta tare su, mai tsawon nan da ke ƙirga daƙiƙa casa'in. Kowane direba ya san a nan ana cire giya ne a huta. Perin ba ta cire ba. Ta bar mota a giya ɗaya, ta danne kuloc har ƙasa, ta riƙe. Daƙiƙa ashirin, arba'in, sittin. Hasham ya ji abin har cikin haƙoransa, don ba abin da ke cinye kuloc kamar haka, kuma ya sha korar mutane daga garejinsa a kan wannan. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga ba danja take kallo ba. Gwiwarta take kallo, tana jira ta fara rawa, gwiwar kuwa ko motsi.

Ya rufe bakinsa, ya gyara zama. Kuloc dai in ya cinye ana samun wani.