Ƙwan Zabi a Sama, Gem a Ƙasa

In dai ka taɓa sayen ƙwan zabi a kasuwar Tambuwal, to da wuya ba ka ci na Atu ba. Daga Kebbe take kawo shi, tun tana amarya har jikoki suka fara jan zanenta. Sana'ar ke nan, ba ta da wata. Ta zuba ƙaiƙayin gero a gindin kwalla, ta jera ƙwai, ta sake rufewa da ƙaiƙayi, ta jera wani, har kwalla ta cika. Sai ta kifa murfi, ta ɗaure da tsohon zane, ta hau bayan kabu-kabu da kayanta a cinya.

Daga nan kuma direba ya shiga uku. Ko rami bai gani ba, za ta dafa kafaɗarsa ta ce, "A hankali, ɗana, ƙwai na." Hanyar da wasu ke shanyewa kafin shayi ya huce, da Atu sai hantsi ya dubi ludayi ana tafe. 'Yan kabu-kabu suka sa mata suna Inna A-hankali, in sun hango ta da kwalla kowa sai ya sami abin gyarawa a babur ɗinsa. Ita ko a jikinta. Abin alfaharinta ɗaya ne, ƙwai bai taɓa fashewa a hannunta ba.

Gwiwa ce ta raba ta da kasuwa. Da ciwon ya matsa, autarta Ni'imatu, wadda ke koyarwa a firamare, ta ɗauko ta ta dawo da ita Tambuwal gidan mijinta Lauwali, ma'aikacin sakatariya. Lauwali mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da son doka. Tsakaninsa da Atu kuwa kunya ce irin ta da. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta cin abinci yana gani. Da safe ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce, "Inna, an kwana lahiya?" ita kuma ta ja mayafi ta amsa wa bango. In akwai magana tsakaninsu, sai dai a bi da ita ta kan Ni'imatu, ko ta kan 'yarsu Hamdiya.

Hamdiyar nan ita ta ja komai. Ubanta ya sayo mata gem na hannu, irin wanda ake jonawa a talabijin, da tseren babura a ciki. Atu ta fi kowa zagin abin. Ta ce shiririta ce, ta ce ido zai lalace, ta ce a zamaninsu yarinya kamar wannan ta iya surfe. Wata Asabar iyayen sun tafi biki Dogon Daji, Hamdiya za ta sauke tukunya, sai ta danna wa kakarta hannun gem ɗin ta ce, "Tsohuwa, riƙe min, ki danne nan kawai."

Atu ta danne. Babur ya tashi a guje ya daki katanga, mahayin ya yi sama ya faɗo, sannan ya miƙe ya hau abinsa kamar ba a yi ba. Ta daɗe tana kallon talabijin.

"Ke, ba abin da ya hwashe?"

"Babu."

"Ko ɗai?"

"Ko ɗaya, tsohuwa."

"To bar tukunyar ga, zo ki gwada min inda aka ƙara wuta."

Shi ke nan fa. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana roƙon a tafi a hankali ta sami babur ɗin da ba ƙwai a kansa. Kullum da hantsi, in gida ya watse, sola ta kawo wuta, sai ta turo ƙofar falo ta miƙe ƙafar nan mai ciwo ta kama gudu. Tana shan kwana har da karkata jiki, tana zagin sauran mahaya da sunayen 'yan kabu-kabun Kebbe. Daɗin da take ji ba ya misaltuwa, kuma tsoron a gane ta ma haka. Tsohuwa da jika, a gidan suruki, a ce an same ta tana wasan yara? Gara ƙasa ta tsage. Hamdiya kaɗai ta sani, an toshe mata baki da dafaffen ƙwai.

Abu ɗaya ya so ya tona ta. Atu ba ta rabuwa da lalle, maɓallan gem kuwa farare ne, sai suka fara yin ja. Lauwali, wanda shi ma yakan ɗan taɓa bayan la'asar wai don ya duba ko abin na aiki, ya yi ta yi wa Hamdiya faɗa a kan ƙazanta. Yarinyar ta shanye, ta ƙara farashinta zuwa ƙwai biyu.

Da aka yi dogon hutu, Mannir ƙanen Lauwali ya aiko daga Legas cewa su zo gaba ɗaya har da Inna, a ga teku, kuma ta jirgi. Gida ya rikice da murna. Sai Lauwali ya tara iyali ya kafa doka: gem ba ya zuwa. Teku za a je gani, ba talabijin ba. Ya ce wanda ya kuskura ya sa shi a jaka, to ya yi bankwana da shi har abada. Hamdiya ta turo baki. Atu daga bayan labule ta ce ai daidai ne, yara sun lalace. Amma abinci bai shiga cikinta ba ranar.

Ranar tafiya ta fito da kwallarta ɗaure da zane. Ni'imatu ta ce, "Inna, mi na wannan kuma?" Ta ce tsarabar Mannir ce, ko ana zuwa gidan mutum hannu biyu? Tun daga Tambuwal har Sakkwato kwalla na cinyarta. A filin jirgi aka ce a ba da ita a sa a cikin manyan kaya, ta ce Allah ya kiyaye, ƙwai ne. Aka bar ta da abinta.

Lauwali ya taɓa hawa jirgi zuwa wani taro, don haka shi ne malami. Tun daga layi yake bayani: akwai injin da ke ganin cikin kaya, duk abin da ke da waya ko batir sai an fitar da shi an sa a faranti shi kaɗai. Ya ciro kwamfutarsa, ya tattara wayoyi da caja, ya cire bel har yana riƙe wando. Atu ta ji maganar injin, amma ba ta ɗauke ta da nauyi ba. A saninta, abin da ta binne a ƙaiƙayi ko kaza ba ta gano shi, balle wani ƙarfe.

Kwalla ta hau bel ɗin da ke tafiya, ta shige cikin akwatin injin ta ɓace. Sai bel ya tsaya. Ya koma baya, ya sake tsayawa. Mai kallon allon ya kira wata ma'aikaciya, suka haɗa kai. Abin da suka gani kuwa dole su haɗa kai: ƙwallaye jere reras, a ƙarƙashinsu wani baƙin abu mai kusurwa huɗu, waya ta naɗe shi.

Ma'aikaciyar, wata doguwa mai Hausar Kano, ta ɗauko kwalla ta ajiye a tebur ta ce a kwance. Ni'imatu ta kwance. Da aka ɗaga murfi, iskar na'urar sanyi ta kwashi ƙaiƙayi ta raba wa kowa rabonsa. Wani Alhaji mai babbar riga ya yi atishawa har hularsa ta goce. Layi ya kama susa. Matar ta sa safar hannu ta fara tono. Ƙwai. Ƙwai. Wani ƙwan. Tana jerawa a faranti, mutane na leƙe suna dariya. Can sai ta jawo waya, wayar ta jawo hannun gem, hannun ya jawo uwar gaba ɗaya, fes, ko ƙwarzane babu.

Lauwali ya juya ya dubi Hamdiya. Kallon nan kaɗai ya isa. Idon yarinyar ya cika da ƙwalla, amma ta datse baki, ba ta ko dubi kakarta ba. Atu ta ji zuciyarta ta karye. In ta yi shiru, jikarta ta sha faɗa a gaban jama'a, gem kuma ya tafi har abada. In ta yi magana, ta zubar da girmanta a gaban suruki. Tana tsaye tana wannan saƙar, kunnenta rabi a nan rabi a can, ma'aikaciyar ta ɗaga gem ɗin sama ta ce, "Wannan na wa ne?"

To, macen da ta tsufa a kasuwa, ka ɗaga kayanta daga cikin kwalla ka ce mata haka, me kake zaton za ta ji? Ita "nawa ne" ta ji, irin na mai ciniki. Kafin hankali ya iso, baki ya riga ya tafi.

"A'a, ɗiyata, wanga ba na saidawa ba na. Nau na. Ƙwan dai in kina so."

Atu ta ji abin da ta faɗa bayan kowa ya gama ji. Ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, sai dai hannun da ya riƙe mayafin yana waje, babban yatsa jawur da lalle. Lauwali ya dubi yatsan, ya dubi jajayen maɓallai, ya dubi ƙaiƙayin da ke kan rigarsa. Ni'imatu ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Lauwali ya gyara murya, ya fuskanci ma'aikaciyar, ya aro Hausar rediyo ya ce, "Nawa ne."

"Haba Malam," in ji matar, "ba ka ji ta ce ba na sayarwa ba ne?"

Nan layi ya fashe. Alhajin nan har da dafa bango. Lauwali, da wando a hannu ɗaya, ya yi ta bayani cewa ba taya yake ba, nasa ne yake nufi, kayan gidansa ne, shi ya roƙi Inna ta ɗauko masa don ta fi kowa iya shirya kaya. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma duk wanda ke wurin ya san ƙarya ce, amma babu wanda ya ƙi karɓa. Matar ta share hawayen dariya, ta sa gem a faranti shi kaɗai ya bi ta injin ya fito lafiya. Ta ce, "Mama, gaba a riƙa ciro shi tun daga layi." Atu ta gyaɗa mayafi. Ta mayar da ƙwanta ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya fashe.

A ɗakin jiran jirgi ta zauna can gefe ta ba su baya, kunya kamar ta nutse. Jira take ta ji hukuncin gem, don mai doka bai janye dokarsa ba. Hamdiya ta lallaɓo ta jingina da ita. Can sai ga Lauwali. Ya tuɓe takalmi a kan tayil ɗin nan mai sanyi, ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda yake yi kowace safiya, ya dubi 'yarsa.

"Hamdiya, tambayar min Inna. Kwanar ga ta bakin gada, wadda ke bayan gangare, ƙaƙa aka shan ta? Kullum nan nika hwaɗuwa."

Mayafi ya ɗan motsa. Sannan Atu ta amsa wa bango.

"Ce ma ubanki shi bar taka burki. Ba ƙwai ya ɗauko ba."