Malam Tanko Mai Sikeli da Laba Huɗu na Akawal

Kullum bayan sallar asuba Malam Tanko kan taho a ƙasa daga Giginyu zuwa filin sukuwa na Nassarawa. Zai buɗe rumfar awo, ya goge sikeli, ya jera fallayen darma bisa tabarma, ko da kuwa ba a tsere ranar. Shekara goma sha biyu yana haka. Asabar mai zuwa zai ajiye aiki don idonsa ya daina ganin allurar sikeli, kuma ban ji ana shirya masa ko ruwan sanyi ba.

Da Turawan kulob ɗin sukuwa suka soma tseren gajeren zango a 1951, ƙa'idarsa ta ɗaure wa mutane kai. Wai dokin da ya fi gudu a ƙara masa nauyi, don ragowar su samu rabo. Masu dawaki suka ce wannan hassada ce kawai. Tanko aka ɗora wa aikin: ya auna mahayi da sirdinsa, ya cusa darma a aljihun shimfiɗar sirdi daidai yadda aka rubuta. Shi ne mai sikelin da bai san ɗan gida ba.

A 1958 aka rubuta wa Akawal, dokin Alhaji Garba, ƙarin laba huɗu, don ya ci sau biyu a jere. Tanko ne ya yi renon dokin nan tun yana ɗan duƙushi, lokacin yana aiki a bargar Alhajin. Jibrin, mahayin dokin, yana tsaye sa'ad da Alhaji ya shigo rumfa.

"Tanko, ɗanka ne fa. Zare laba biyu, wa zai gani?"

"Alhaji, ni zan gani."

Ya sa huɗun cif. Saura kaɗan a kai ƙarshen tseren ƙafar gaba ta Akawal ta karye, likitan dabbobi ya harbe shi nan gaban jama'a. Alhaji ya nuna rumfar awo ya ce darmar Tanko ce ta kashe shi. Tun daga ranar ake kiran Tanko Kashe-Doki. Har masu yankan ciyawa suka daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Abin ya ci shi ƙwarai, ya rame, amma bai taɓa fashin aiki ba.

Bara, bayan rasuwar Alhaji, Jibrin ya kasa riƙe sirrin. Ya gaya mini ƙafar ta kumbura tun kwana uku kafin tsere, Alhaji ya sa aka ɗaure ta, ya hana kowa faɗa. Na garzaya wurin Tanko ina ganin na kawo albishir. Yana goge sikeli ya tanka.

"Malam, bar maganar nan. Mutumin ya riga mu gidan gaskiya, kuma na ci tuwonsa."

Wallahi raina ya ɓaci. Shekara biyar ke nan yanzu kana ɗauke da laifin wani, a ba ka dama ka sauke, ka ƙi.

Mun gode, Baba Tanko. Allah ya saka maka. Duk wanda aka ba awo a sabuwar ƙasar nan tamu, na hatsi ne ko na shari'a, ya je rumfar nan kafin Asabar ya ga yadda ake riƙe shi.

Ka ce in bar maganar. Ka yafe mini, Baba, ban bari ba. Ba kai ka kashe Akawal ba.