Ƙasidar da Ba Ta Cikin Takarda

Cikin shekarun da na yi ina kula da sauti a ƙungiyar masu ƙasidun yabon Annabi a nan Makka, ban taɓa mantawa da ranar da muka yi aiki a wata istiraha, wato gidan taro na haya, a unguwar Zahir ba. Watan Shawwal ne, lokacin da aikinmu ya fi yawa, domin bayan ƙaramar Sallah ake jera bukukuwan aure da walimomin sauka.

Ga wanda bai san tsarin ba, mu goma ne: mai bayarwa, wato mai jan baiti, sai masu amshi takwas, sai ni a gefe da na'urar sauti. Ba mu da kayan kiɗa, muryoyi ne kawai. Kafin kowane taro ana rubuta jerin ƙasidun a ba ni, don in san inda zan ɗaga muryar mai bayarwa da inda zan buɗe wa masu amshi. Mai bayarwarmu Ammi Sale ne, dattijo haifaffen unguwar Jarwal, iyayensa daga Sakkwato suka zo. Masu amshin kuwa Larabci ya fi zama a bakinsu, Hausar tasu ta gaisuwa ce. Ƙasidunmu ma duk na Larabci ne.

Ranar walimar saukar Alƙur'ani ce, bayan la'asar. Maza a zaure, mata a nasu ɓangaren suna ji ta lasifika. Ƙasida ta farko da ta biyu suka tafi daidai. A tsakiyar ta uku sai Ammi Sale ya yi shiru, ya rufe ido, ya ɗauko wani baiti da Hausa, da karin da ban taɓa ji ba.

Na duba takarda, babu shi. Na ɗauka ko an canza jeri ne ba a faɗa mini ba. Masu amshi suka dubi juna, suka dube ni, ni ma ina dubansu. Ustaz Fahad, mataimakin Ammi cikin masu amshin, ya yi mini alama da hannu, ban gane ko cewa yake in rage ko in kashe ba. Sai ga mai walimar a kaina, yana tambaya ko wani abu ne na musamman muka shirya musu. Na ce masa e, ban san abin da ya sa na ce haka ba.

Ammi Sale ya kai ƙarshen baiti, ya tsaya inda amshi ke shiga. Babu wanda ya amsa. Ya maimaita, ya sake tsayawa. Yatsana na kan makunni zan kashe, don na fara tsoron kada a yi wa dattijon dariya. Sai muka ji amshi daga bayan bango. Tsofaffin mata ne, uku ko huɗu, suka ɗauka ba makirfo. Wani tsoho a sahun baya ya bi su. A zagaye na uku mutanenmu suka kama kalmomin, suna faɗa ba su san ma'anar rabinsu ba.

Da aka tashi, Ustaz Fahad ya tambayi Ammi Sale a hankali daga ina wannan ta fito. Ya dube mu da mamaki ya ce, "Wacce? Ai abin da ke takarda na yi." Na kunna masa abin da na naɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ta mahaifiyarsa ce, rabonsa da ita tun yana ƙarami, amma shi bai tuna ya yi ta yau ba.

Washegari 'ya'yansa suka kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne ya fara kama shi, a rage masa aiki. Muka zauna kan sauran tarukan watan, muka kasa tsayar da magana. Wasu na cewa Ustaz Fahad ya karɓa gaba ɗaya, wasu na cewa raba Ammi da ƙasida zai fi cutar da shi. A ƙarshe aka bar shi yana buɗe taro da guda ɗaya, Ustaz Fahad ya ƙarasa. Har yau ban san ko daidai muka yi ba.

Abin da nake faɗa wa sababbin ma'aikata shi ne, jerin da aka ba ka bai san halin da mutumin da ke gaban makirfo yake ciki ba. In mai bayarwa ya kauce, kada ka yi saurin yanke masa murya. Ka ɗan jira, ka saurari zauren tukuna. Ni kaina saura kaɗan in kashe, kuma ba basira ce ta hana ni ba, rikicewa ce.